An Zo Neman Auren Zulfa: Shafi na 27

Jama'ar gidan nan, na ga saƙonninku. Mai cewa na yi aure, mai cewa na gudu Libiya. Ko ɗaya. Salulata ce, wato wayar hannuna, ta faɗa tukunyar miya. Ku gyara zama.

*

Tun da safe Rufaida Na Allah ta ja kunnen ma'aikatan bironta, wato ofishinta.

"Yau ban son jin ko tarin mutum cikin biron nan. Wanda ya ji atishawa ta taso mashi, shi hita titi."

Ba don banza ta ce haka ba. Mushe Lamine ne, wato Malam Lamine da Faransanci, ya zo daga Yamai, wakilin masu zuba jarin da ta daɗe tana bi. In ya sa hannu a takardar yarjejeniya, kamfaninta Allo Gona zai tsallaka daga Tasawa ya game ƙauyukan Mayahi kafin damina ta zauna. In bai sa ba, duk wahalar da ta sha tun ranar da ta dawo daga karatu a Dakar da ordinata, wato kwamfuta, guda ɗaya, ta kafa shi cikin zauren babanta, ta tsaya inda take.

Suna zaune a ɗakin taro, Misbahu injiniyanta na gefe da ordinata.

"Abin mai sauƙi ne, Mushe," in ji Rufaida. "Manomi ko makiyayi shi kira lambarmu, ko da ƙaramar salula. Ba sai ya iya karatu ba. Misbahu, sa muna ta jiya."

Misbahu ya danna. Wata murya ta fito daga lasifika, mai sanyi kamar ruwan randa.

"Sannu da aiki, manomi. Zulfa ce. Ruwan da ya sauka jiya na yaudara ne, kada ka yi garajen shibka. In kana son labarin kasuwa, danna ɗaya. In na dabbobi ne, danna biyu."

Mushe Lamine ya lumshe ido.

"Ah, cette voix! Madam, wace ce wannan?"

"Sirrin kamfani ne, Mushe."

"Bon. Ina son kamfani mai riƙe sirri."

Ya zaro alƙalami, ya cire marfi.

Sai aka ji "Meeee!" daga bakin ƙofa.

Rufaida ta dubi Misbahu. Misbahu ya dubi silin.

"Salamu alaikum! Ina shugabar take?"

Muryar babanta ce.

Alhaji Na Allah ya shigo cikin babbar rigar da ba ya sawa sai Sallah. Bayansa wani dogon dattijo da rawani da sanda, hannu ɗaya ƙwaryar goro, ɗayan igiyar wani farin rago da ya ƙi shigowa sai da aka turo shi ta baya.

Ardo Sale ne na Kanan-Bakashe, aminin Alhaji tun suna samari, kuma shugaban makiyayan yankin. Maganarsa guda ce ta sa Fulanin Mayahi suka fara kiran Allo Gona.

Rufaida ta miƙe ta durƙusa.

"Baba, ina kwana. Baffa Ardo, sannu da hanya. Don Allah ku ɗan zamna waje, ina da baƙo."

"Baƙo ai shaida ne," in ji Alhaji, ya ja kujera. "Zamna, Ardo. Yau ba wurin ɗiya na zo ba. Wurin shugaba na zo."

"Su wane ne?" Mushe Lamine ya tambaya da fara'a.

"Masu... masu kiranmu ne, Mushe."

"Des clients! Madalla! Bari in ji daga bakinsu."

Aka fitar da rago bayan ya ɗanɗana labule. Ardo ya aje ƙwaryar goro a tsakiyar teburin, daidai kan takardar yarjejeniya. Ya gyara murya, ya sunkuyar da kai kamar saurayi.

"Ɗiyata, na ji kukan wata karsana cikin garkenki."

"Karsana, Baffa? Mu ba mu kiwo."

"Ke, bar wauta," in ji Alhaji. "Auren Zulfa muka zo nema. Ni ne wakilin ango."

Misbahu yana shan ruwa. Ruwan ya fito ta hanci.

To, masu karatu, ku da kuka biyo mu kun sani, waɗanda suka shigo yau kuma ku ji. Lokacin da Rufaida ta fara aikin nan, ta gwada muryarta, manoma suka ce Hausar 'yan lakwal ce, wato ta 'yan boko. Ta gwada 'yan mata, aka ce rawar kai. Wata rana ta ji mahaifiyarta Hajiya A'i tana lallashin ɗan akuya mara lafiya da wata irin murya da ba ta taɓa ji a gidansu ba. Nan ta samu Zulfa.

Alhaji kuwa ya riga ya rantse, ɗiya ta yi haukanta na boko, amma matarsa ba ta taka ƙafa kamfanin da ake magana da mutanen da ba a gani. Don haka duk ranar ɗaukar murya, Hajiya A'i sai ta ce ta tafi likita a duba mata gwiwa.

Yau ma gwiwar ta tashi.

Tana nan bayan bangon nan, cikin ɗan ɗakin ɗaukar murya da aka manne da kwalayen ƙwai. Abin maganarta haɗe yake da lasifikar ɗakin taro, kuma saboda zafi, ba ta taɓa yarda a rufe mata ƙofa ruf.

Rufaida ta juya wurin Ardo.

"Baffa Ardo, ai ba ka taɓa ganinta ba."

"Na ji ta. Mu makiyaya da kunne muka san saniyar kirki, tun ba ta ɓullo daga daji ba."

"Amma..."

"Tun da Allah ya ɗauki uwar 'ya'yana, ba wanda ke ce mani sannu da aiki sai ita. Bara da ciwon huhu ya shigo garkuna, ita ta ce mu kai allura Mayahi. Da ban ji maganarta ba, da yanzu sanda kaɗai gare ni. Kuma ga haƙuri. In kira ta da safe, in kira da hantsi, in kira da azahar, ba ta taɓa ce mani ka dame ni ba."

"To in ka yi mata magana, mi take ce maka?" Mushe Lamine ya tambaya, ya matso da kujera.

"Na ce mata Zulfa ina son ki. Ta ce danna ɗaya."

"Ka danna?"

"Na danna. Ta hwaɗa mani yadda wake ya kwana a kasuwar Tasawa." Ardo ya yi murmushi. "Kunya ce. Ko cikin Fulani ban ga mai kawaici irin nata ba."

Rufaida ta dafa teburi.

"Baffa, in gaya maka gaskiya. Zulfa na'ura ce."

"Na'ura?"

"I. Ordinata ce ke magana."

Ardo ya dubi Alhaji, suka yi dariya tare.

"Ɗiyata, na'ura na atishawa?"

"Atishawa?"

"Ran nan tana cikin maganar kasuwar awaki ta yi atishawa, ta ce alhamdulillahi. Ni kau na ce yarhamukillah."

Rufaida ta juya a hankali ta dubi Misbahu.

"Madam, na manta ban yanke wurin ba," ya ce cikin raɗa.

"Za mu yi magana."

Ta sake juyowa, ta ɗaure fuska.

"To shi ke nan. Mutum ce. Amma tana da aure."

Ardo ya dafe ƙirji.

Alhaji kuwa ya buga teburi har goro ya yi tsalle.

"Aure? Wane ne mijin?"

"Baba, ba a hwaɗi."

"Ai ko ba ki hwaɗi ba na san irinshi! Namijin da Allah ya ba mace mai murya haka, ya bari tana yawon aiki cikin rana bai zamna gida yana saurare ba, wannan jaki ne!"

"Baba, don Allah..."

"Jaki na ce! Jakin ma na ɗaukar taki! Ardo, kwantar da hankalinka. Irin wannan auren ba shi daɗewa. Mu nemo shi mu ba shi haƙuri shi sake ta."

"Baba, rage murya."

"In rage don mi? Ni nan da kike gani, kullum sai na sa ma uwarki Zulfa ta saurara. In ce A'i, ji yadda matan kirki ke magana. Ita kau in ta ce ina kwana, kajin maƙwabta sai sun watse. Ran nan ta kira ni daga madahi tana girki, ladan ya zaci an riga shi kiran salla."

Mushe Lamine yana dariya har da share ƙwalla. Misbahu ya zame ƙasa-ƙasa cikin kujera, kansa kaɗai ake gani.

Sai lasifika ta yi ƙaras.

Ba wanda ya taɓa komai.

"Sannu da aiki, Alhaji Na Allah."

Muryar nan ce, mai sanyi.

Alhaji ya miƙe tsaye, hannu a kan hula.

"Ardo! Ta san sunana!"

"Na san sunanka, Alhaji. Na san ka hito yau ba ka sha maganinka na hawan jini ba. Yana nan bisa taga inda ka bar shi."

Murmushin Alhaji ya fara tsinkewa.

"Ikon Allah... Rufaida, har wannan na'urarku ke gani?"

"Kuma jakin da kake nema," in ji muryar, a hankali, a hankali, sai kuma ta fashe kamar aradu, "HULARSHI CE BISA KANKA!"

Ƙofar ɗan ɗakin ta buɗe.

Hajiya A'i ta fito, abin saurare rataye a wuya, gyale ɗaure a ƙugu, mafici a hannu.

Alhaji ya koma kan kujera daɓas.

"A'i?"

"Na'am, jakin taki."

"Ke ba likita kika tahi ba?"

"Ga ni a likitan."

"Gwiwar hwa?"

"Ta warke tun bara."

Alhaji ya dubi lasifika, ya dubi matarsa.

"Ƙarya ne. Yi in ji."

Hajiya A'i ta karkata kai, ta sassauta ido.

"In kana son abincin rana, danna ɗaya. In kana son ka kwana da yunwa, ci gaba da magana."

"Innalillahi," in ji Alhaji. "Ita ce."

Ardo Sale ya kama bakin rawaninsa ya ja shi a hankali, ya rufe baki, ya rufe hanci, ya rufe ido. Daga cikin rawanin murya ta fito kamar daga rijiya.

"Na Allah."

"Na'am."

"Matarka na zo nema."

"Na gani."

"Kai na sa wakili."

"Na ce na gani, Ardo!"

"Kai ka zaɓo ragon."

"Ya isa!"

Rufaida ta durƙusa kusa da Ardo.

"Baffa, ba laihinka ba ne. Ba ka sani ba."

"Ɗiyata, ni da kunnena mun rabu da lambar nan. In na sake jin sannu da aiki, ƙasa za ta tsage in shige. Kuma abin da Ardo bai saurare, mutanenshi ba su saurare. Gobe in tara su, kowa shi goge."

Rufaida ta dubi takardar yarjejeniya. In Fulanin Ardo suka tafi, da wa za ta shiga Mayahi?

Mushe Lamine ya daina dariya. Ta ga ya mayar da marfin alƙalami. Ƙaras.

Alhaji ya farfaɗo. Kunya ta juye ta zama faɗa.

"Da izinin wa? Ina tambaya, da izinin wa? Muryar matata cikin aljihun kowane ƙato daga nan har Kona! Mai kiɗan tasha shi ji, mai sai da balangu shi ji! Rufaida, yau ɗin nan a cire ta!"

Rufaida ta miƙe. Ta gyara ɗankwali.

"Baba, ka ce wurin shugaba ka zo. To shugaba za ta ba ka amsa."

"Ina ji."

"Ba ta ciruwa yau. Duk abin da muka tara na shibka, na tsutsa, na allurar dabbobi, da muryar Inna aka ɗauka. Hadari ya hwara haɗuwa. In na kashe Zulfa yanzu, mutane za su zuba irinsu bisa ruwan yaudara, kamar yadda ka zuba naka shekarar da muka ci dusa. Na ɓoye maka, wannan na yi laihi, ka yi mani hukunci a gida. Amma nan biro ne."

Alhaji bai saba jin wannan muryar daga bakinta ba.

"Kuma ni ba kaya ba ce da za a ce a cire," in ji Hajiya A'i. Wannan karon ba ta yi ihu ba. "Tun ina amarya nake magana cikin gidanka, Alhaji, ba ka taɓa ji ba sai na ɗaga murya. Nan na yi magana a hankali, ƙasa guda ta saurara. Wata mata daga Kona ta aiko mani da kaza, ta ce maganata ta hisshe ta da gero. Kai ko sannu."

Alhaji ya sosa ƙeya.

"To ai... ai ni ma ina saurare."

"Af! Kana saurare kam. Har ka wuce saurare."

"Mi kike nuhi?"

Hajiya A'i ta aje mafici a kan teburi. Ta ja kujera ta zauna, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, gwiwa lafiya lau.

"Mushe, kai baƙo ne, bari in gaya maka. Cikin aikinmu akwai danna tara. Mai tambaya shi danna tara shi bar saƙo da bakinshi, ni in saurara in ba da amsa. To akwai wani bawan Allah. Shi ba shi tambayar gero. Ba shi tambayar wake."

"Mi yake tambaya, Hajiya?"

"Waƙa yake rera ma Zulfa."

Alhaji ya fara tari.

"Kullum bayan la'asar, daga bayan ɗakin awaki. Ina jin kukan akuyata mai baƙin kunne cikin saƙon."

Bakin rawanin Ardo ya ɗan sauka. Ido ɗaya ya leƙo.

"Na Allah?"

"Ƙarya ne! Akuya mai baƙin kunne ita kaɗai ce a Tasawa?"

"Rufaida," in ji Hajiya A'i, "sa mashi ta shekaranjiya. Wadda ya ce muryata ta hi nonon safe."

Rufaida ta dubi ordinatar.

Mushe Lamine ya ɗaga hannu. Fara'ar nan duk ta tafi.

"Attention, Madam. Wannan ba wasa ba ne. Saƙon mai kira amana ce, yana cikin sharuɗɗanmu. In kika sa muryar mutum gaban jama'a ba da yardarshi ba, ko mahaihinki ne, ni ba ni sa hannu."

"Allah shi yi maka albarka, Mushe!" Alhaji ya kama hannunsa da hannu biyu. "Amana! Ka ji mutumin kirki! Ni dama tun hwarko na ce kamfanin nan amana ta riƙe shi!"

"Yaushe ka ce?" in ji Hajiya A'i.

"Cikin zuciya!"

Ardo ya sauke rawani har gemu.

"Ɗiyata, a sa."

"Baffa!"

"In na ji da kunnena ba ni kaɗai ne tsohon banza ba, kunyar ta rabu biyu, ina iya ɗauka. Mutanena su zamna. In ba a sa ba, gobe mu goge."

"Ardo, amanar abota hwa?" in ji Alhaji.

"Kai ka ce a nemo mijin shi sake ta."

Misbahu ya turo ordinata gaban Rufaida da ɗan yatsa ɗaya, kamar mai tura garwashi, ya ja kujerarsa baya.

Ta dubi Ardo. Ta dubi alƙalamin Mushe Lamine. Ta dubi babanta, wanda zufa ta jiƙa wa wuyan babbar riga, yana mata wani irin kallo da bai taɓa yi mata ba tun tana yarinya.

"Rufaida," in ji Hajiya A'i, "in nonona kika sha, danna."

Rufaida ta sa hannu.

Ta rufe ordinatar.

"Ba ni dannawa, Inna. Wanda ya danna tara, ya yarda da mu ne. Ko mi ya hwaɗi, tsakaninshi da Zulfa ne. Baffa, in tahiya za ku yi, ku tahi, in biyo ku har ruga in ba ku haƙuri. Amma wannan ba ni yi."

Alhaji ya sauke numfashi mai ƙarfi.

"Ɗiyar halak! Ni kika biyo!"

Mushe Lamine ya gyaɗa kai, ya sake cire marfin alƙalami, ya janye ƙwaryar goro daga kan takarda.

"To ba komi," in ji Hajiya A'i.

Yadda ta faɗi maganar a sanyaye ya sa kowa ya juyo.

"Ki bar na'urarki ruhe. Na hardace ta."

"A'i!" Alhaji ya zabura.

"Baiti bakwai ce, da amshi."

Alƙalamin Mushe Lamine ya tsaya a sama.

"Pardon, Madam. Hajiya ma'aikaciyarku ce?"

Rufaida ta runtse ido.

"I, Mushe."

"To ai duk ɗaya ne. Ko daga na'ura, ko daga bakin ma'aikaci."

Rufaida ta zagayo teburin, ta tsaya gaban mahaifiyarta.

"Inna, ki yi mani rai. In kika rera ko baiti guda, dole in sallame ki daga aiki."



Hajiya A'i ta dube ta tun daga ɗankwali har takalmi.

"Ki sallame ni."

"I, Inna."

"Ni da na haihe ki."

"Doka ce, Inna."

Hajiya A'i ta miƙe. Ta kwance gyalen ƙugunta, ta sake ɗaure shi tamau. Ta gyara tsayuwa, ta yi gyaran murya.

"Misbahu," ta ce, "kaɗa mani teburin nan."